Folik asid da makonni huɗun farko na ciki: me ya sa ƙasashe ke zuba shi a fulawa?

Daga ƙarshen shekarar 2026, doka za ta tilasta wa masu niƙa alkama a Birtaniya su zuba sinadarin folik asid a cikin farar fulawa, maikirogiram 250 a kowane giram 100. Gwamnatin ƙasar ta sanar da aniyar tun a watan Satumba na 2021, kuma hasashenta shi ne matakin zai hana kimanin jarirai 200 a shekara samun nakasar laka ko ta ƙwaƙwalwa. Wanda ya san cewa a asibiti ake bai wa masu ciki wannan ƙwaya a wurin awo zai iya tambaya: in dai maganin masu ciki ne, me ya kawo shi cikin burodin da tsoho da yaro da gwauro za su ci? Amsar tana cikin lissafin kwanaki, kuma lissafin ya shafi matar da ke Gumel ko Tasawa kamar yadda ya shafi ta Landan.

Mene ne folik asid, mece ce kuma nakasar

Folik asid nau'i ne na bitamin B9. Wanda Allah ya halitta a cikin abinci sunansa folet, kalmar da ta samo asali daga sunan ganye a harshen Latin, domin daga alayyafo aka fara tace shi a 1941. Ana samunsa a ganyaye, wake, gyaɗa, hanta da lemo. Folik asid kuwa shi ne wanda ake haɗawa a masana'anta. Bambancin ba na suna kaɗai ba ne. Folet na abinci ba ya jure wuta, miyar da ta daɗe tana tafasa ta yi asarar kaso mai yawa nasa, kuma abin da ya saura ma kusan rabinsa kawai jiki ke amfana da shi. Na masana'anta yana jure gashi da ajiya, hanji kuma yana tsotse kusan dukkansa.

Aikinsa a jiki shi ne taimaka wa ƙwayoyin halitta su rabu su ninka. Babu lokacin da ake wannan aiki da gaggawa irin farkon ciki. A mako na uku bayan shigar ciki, wani siririn faifai yana bayyana a bayan ɗan tayi, gefunansa su tashi su naɗe kamar tabarma, su haɗe su zama bututu. Likitoci suna kiransa bututun jijiya. Samansa ne ke zama ƙwaƙwalwa, sauran kuma ya zama laka. Zuwa kwana na 28 ya kamata a ce ya rufe ruf.

Idan bai rufe ta wajen kai ba, ƙoƙon kai da mafi yawan ƙwaƙwalwa ba sa samuwa. Irin wannan jariri ana haifarsa babu rai, ko ya rasu cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki, kuma babu magani. Idan ta ƙasa ne bai rufe ba, sai a sami abin da ake kira spina bifida, wato tsagewar ƙashin baya, inda sau da yawa ake ganin ƙullutu kamar jaka a gadon bayan jariri. Wannan yana rayuwa idan an yi masa tiyata da wuri, amma gwargwadon inda tsagar take, yana iya rasa ƙarfin ƙafafu, ya kasa riƙe fitsari da bayan gida, kuma da yawansu ruwa na taruwa musu a kai har sai an sa musu siririn tiyo da zai riƙa janye shi. Akwai nau'i na uku, wanda wani ɓangare na ƙwaƙwalwa ke ɓullowa ta wata kafa a ƙoƙon kai. Wani ƙiyasi da masana suka yi na shekarar 2015 ya nuna cewa ciki kusan 260,000 ne wannan matsala ta shafa a duniya a shekarar, ba tare da an ƙirga ɓarin farkon ciki ba.

A gidaje da dama akan danganta irin wannan haihuwa da iska, ko da wani abin da uwa ta gani ko ta taka lokacin goyon ciki. Abin da binciken likitoci ya nuna shi ne, kafin cikin ma ya fito a gan shi, al'amarin ya riga ya auku.

Kwana 28

Nan ne gaɓar da komai ya rataya a kanta. Kwana 28 daga shigar ciki ya yi daidai da kimanin mako biyu bayan mace ta yi ɓatan wata. A lokacin mata da yawa ba su ma tabbatar ba. Mai shayarwa da al'adarta ba ta dawo daidai ba tana iya kai wata uku ba ta sani ba. Amarya mai cikin fari kuwa, ko ta sani, kunya ba za ta bar ta ta faɗa ba, balle ta nemi a kai ta asibiti. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya gano cewa ba ta kai mace ɗaya cikin biyar ba da ke fara awo a watanni ukun farko.

Saboda haka ƙwayar da ake miƙa wa mace a wurin awo tana da wata huɗu ko biyar tana da amfaninta, domin tana taimakawa wajen hana ƙarancin jini, amma ba ta iya komawa baya ta rufe bututun da bai rufe ba. Ba ma wannan kaɗai ba, sinadarin yana buƙatar makonni ana sha kullum kafin ya taru a jini yadda zai ba da kariya. Shi ya sa shawarar hukumomin lafiya take cewa a fara sha aƙalla wata ɗaya kafin ɗaukar ciki, wasu ma sun ce wata uku, a ci gaba har ciki ya cika mako 12. Adadin shi ne maikirogiram 400 a rana, wato miligiram 0.4. Tun a 1992 hukumar lafiya ta Amurka ta faɗaɗa shawarar ta ce duk macen da ke iya ɗaukar ciki ta riƙa sha, tana nema ko ba ta nema, domin kusan rabin cikin da ake samu a ƙasar ba shirya shi aka yi ba.

Yadda aka tabbatar

Labarin ya faro ne daga Bombay a ƙasar Indiya, inda wata likita 'yar Ingila mai suna Lucy Wills ta nuna a 1931 cewa wani abu da ke cikin yis yana warkar da wani irin ƙarancin jini da ke addabar matalautan mata masu ciki. Ba ta san sunansa ba, amma folet ne. A shekarun 1960 likitoci a Ingila, cikinsu har da Richard Smithells, suka fara zargin cewa ƙarancinsa yana da hannu a nakasar laka. A 1980 Smithells ya wallafa sakamakon da ya nuna raguwa sosai a tsakanin matan da ya bai wa haɗin bitamin kafin ciki. Sai dai ba ta hanyar ƙuri'a aka raba matan ba, don haka masu suka suka ce wataƙila waɗanda suka yarda suka sha ɗin daman sun fi samun abinci mai kyau da kulawa.

Gwajin da ya kashe bakin gardamar shi ne na hukumar binciken lafiya ta Birtaniya, ƙarƙashin jagorancin Nicholas Wald, wanda aka yi a cibiyoyi 33 a ƙasashe bakwai. An ɗauki mata 1,817 waɗanda suka taɓa samun ciki mai wannan nakasa, aka raba su ta ƙuri'a. A cikin 593 da suka sha miligiram 4 na folik asid kuma aka ga ƙarshen cikinsu, sau 6 matsalar ta maimaitu. A cikin 602 da ba su sha ba, sau 21. Raguwar ta kai kashi 72 cikin 100, kuma aka dakatar da gwajin a 1991 domin ci gaba da hana wasu matan maganin ya zama zalunci. Shekara guda bayan haka, wani gwaji a ƙasar Hungari ya nuna cewa kariyar ta haɗa har da matan da ba su taɓa samun matsalar ba: babu ko ɗaya a cikin sama da 2,000 da suka sha haɗin bitamin mai miligiram 0.8, ga kuma 6 a ɗaya rukunin.

Na ƙasar Sin ya fi ba da haske ga ƙasashe masu ƙarancin abinci mai gina jiki. An bi mata kusan 250,000, aka wallafa sakamakon a 1999. A lardin Hebei na arewa, inda matsalar ta yi katutu, maikirogiram 400 ya rage ta daga 4.8 zuwa 1.0 a cikin kowace haihuwa 1,000. A kudu, inda daman ba ta da yawa, daga 1.0 ta koma 0.6. Ma'ana, inda ƙarancin ya fi tsanani, nan ne ribar ta fi yawa. Ma'ana ta biyu kuma, akwai wani kaso da folik asid ba ya hanawa, kimanin 5 ko 6 cikin kowace haihuwa 10,000, wanda gado da wasu dalilai ke haddasawa. Macen da ta sha yadda ya kamata kuma abin ya same ta, ba sakacinta ba ne.

Ƙwaya ko fulawa

Bayan 1991 ƙasashe suka rabu gida biyu. Yawancin ƙasashen Turai suka tsaya a kan wayar da kai: a gaya wa mata su sha ƙwaya kafin ciki. Wasu kuma suka ce tunda lokacin buƙata yana wucewa kafin a ankara, a sa sinadarin a abincin da kowa ke ci. Oman ta fara a 1996, Amurka da Kanada a 1998, Cile a 2000, Afirka ta Kudu a 2003, Ostireliya a 2009.

Yanzu an sami shekarun da za a iya gwada hanyoyin biyu. A Kanada matsalar ta ragu da kashi 46 cikin 100, a Amurka da kusan kashi ɗaya cikin uku, abin da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ƙiyasta da jarirai wajen 1,300 a shekara. A Afirka ta Kudu, wadda ta haɗa da garin masara a dokarta, raguwar ta kai kusan kashi 30. A Turai kuwa, wani nazari da aka wallafa a 2015 ya duba shekaru 20, daga 1991 zuwa 2011, bai ga wata raguwa ta a zo a gani ba, adadin yana nan a wajen 9 cikin 10,000. Ba wai ƙwayar ba ta aiki ba ne. Masu ilimi da hali, waɗanda suka tsara cikinsu, su ne suka sha a kan lokaci. Ƙananan mata da matalauta labarin bai iso musu ba sai bayan an makara.

Me masu adawa ke cewa

Dalilan da suka sa Birtaniya ta yi shekara 30 tana jan ƙafa, alhali ita ta jagoranci gwajin, ba na banza ba ne gaba ɗaya. Na farko shi ne batun bitamin B12. Ƙarancinsa, wanda ya fi kama tsofaffi, yana jawo ƙarancin jini da kuma lalacewar jijiyoyi. Folik asid mai yawa yana iya gyara jinin ya bar jijiyoyin suna ci gaba da lalacewa, likitan da ya dogara da awon jini kaɗai ya kasa gano cutar. Wannan ne ya sa a 1998 masana a Amurka suka sa iyakar miligiram 1 a rana ga baligi. Masu goyon bayan dokar suna amsawa da cewa yau ana auna B12 kai tsaye, kuma abin da ake samu daga fulawa bai kusanci iyakar ba. Wald da abokan aikinsa ma sun yi jayayya a 2018 cewa an yi kuskuren lissafi wajen sa iyakar tun farko.

Na biyu shi ne tsoron ciwon daji. Tunda sinadarin yana taimaka wa ƙwayoyin halitta su ninka, an yi fargabar kada ya ciyar da ƙarin da ya fara tsira a hanji. A 2013 aka tattara gwaje-gwajen da suka ƙunshi mutum kusan 50,000 waɗanda suka sha adadin da ya ninka na fulawa sau da yawa, ba a ga ƙaruwar daji ba a cikin kimanin shekara biyar da aka bi su. Masu taka-tsantsan suna cewa shekara biyar ba ta isa a yanke hukunci a kan daji ba. Ɗaya ɓangaren kuma yana nuni da Amurka da Kanada, waɗanda suka haura shekara 25 suna cin wannan fulawa.

Na uku ba na likitanci ba ne, na 'yanci ne: da wane dalili za a sa wa miliyoyin mutane abin da ba su nema ba don amfanin 'yan ɗaruruwa? Wannan muhawara, tare da matsin lambar masu gidajen burodi, ita ta sa New Zealand ta jingine dokarta a 2009, ba ta aiwatar ba sai a 2023. Birtaniya ta sasanta ta hanyar ƙyale fulawar da ba a cire wa dusa ba, don mai son kauce wa ya sami zaɓi. Akwai ma masu suka daga ɗaya gefen, waɗanda ke ganin adadin da ta zaɓa ya yi kaɗan, tunda kusan kashi 20 cikin 100 kawai ake sa ran zai hana. A watan Mayu na 2023 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ƙudurin da ke kira ga ƙasashe su hanzarta ƙarfafa abinci da folik asid da sauran sinadarai.

Tuwon da ba ya bi ta kamfani

A kan takarda, yankin Afirka ta Yamma bai makara ba. Najeriya ta wajabta ƙarfafa fulawa, garin masara, sukari da man girki da bitamin A tun 2002, daga baya aka ƙara folik asid a ma'aunin fulawa, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON da hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC ne kuma ke sa ido. Kamaru ta fara nata a 2011, kuma awon da aka yi wa mata a Yawunde da Duwala bayan haka ya nuna folet ya ƙaru a jininsu. Ghana da Nijar su ma suna da dokar ƙarfafa fulawar alkama.

Amma doka tana kama abin da ya bi ta babban injin kamfani ne kawai. Matar da ke Kano ko Kumasi, wadda ke karyawa da burodi da shayi, ta ci taliya ko fanke da rana, tana samun wani abu, idan har kamfanin ya zuba abin da aka ce ya zuba. Matar ƙauye kuwa daga rumbu take ɗebo gero ko dawa, ta surfa, ta aika yaro injin niƙa na bakin kasuwa. Tuwonta da furarta da kununta babu inda suka haɗu da ma'aunin gwamnati. Kuma ita ce ta fi jinkirin zuwa awo, ita ce ta fi nisa da asibitin da ke da likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da laka.

Amurka ma ta ci karo da irin wannan giɓi. Dokarta ta 1998 ba ta haɗa da garin masarar da 'yan asalin Latin Amurka ke yin abincinsu da shi ba, matsalar kuma ta ci gaba da fin yawa a cikinsu, sai a 2016 aka ba da izinin ƙarfafa shi. Darasin shi ne zaɓen abincin da za a ɗora wa sinadarin yana yanke hukuncin wanda zai amfana. Shi ya sa ake neman abin da ke shiga kowace tukunya. A Habasha, inda matsalar ta yi yawa ƙwarai, ana gwada gishiri mai aidin da folik asid a haɗe. A Najeriya kuma hankali ya karkata ga ɗunƙulen miya, wanda a 2024 aka fitar da ma'aunin ƙara masa sinadarin ƙarfe, zinki, folik asid da B12, bisa zaɓin kamfani. Masu goyon baya suna cewa babu ƙauyen da ɗunƙule bai shiga ba. Masu adawa suna cewa gishiri ne ya fi yawa a cikinsa, kuma tallata shi a matsayin abin gina jiki zai ƙara hawan jini a ƙasar da daman take fama da shi.

Masu buƙatar adadi na musamman, da batun maganin maleriya

Akwai matan da maikirogiram 400 bai ishe su ba. Wadda ta taɓa samun ciki mai wannan nakasa, haɗarin maimaituwa a wurinta ya kai kashi 2 zuwa 3 cikin 100, ninki da yawa a kan na sauran mata, kuma likitoci kan rubuta mata miligiram 4 ko 5 tun kafin ciki na gaba. Haka ake yi wa mai ciwon sukari, da wadda ita ko mijinta ke da nakasar, da mai shan wasu magungunan farfaɗiya. Maganin valproate musamman yana jawo tsagewar ƙashin baya a kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na cikin da aka ɗauka ana shansa, amma daina shi kwatsam haɗari ne ga uwa da ɗan tayi, sauyi sai da likita kuma kafin ciki. Ƙiba mai yawa da zazzaɓi mai zafi a makonnin farko su ma suna ƙara haɗarin.

Wani abin da ke rikita mutane a ƙasashen da ke da sauro shi ne girman ƙwayar. 'Yar ƙaramar rawayar ƙwayar da aka saba gani a kemis, wadda masu sikila ke sha, yawanci miligiram 5 ce, wato ninki goma sha biyu da rabi na abin da mace mai lafiya ke buƙata. A wurin awo kuma ana bai wa masu ciki maganin rigakafin maleriya na SP, wanda aka fi sani da Fansidar, daga wata na huɗu. Shi wannan magani yana kashe ƙwayar cutar ne ta hanyar toshe mata folet. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce miligiram 5 ko fiye a kullum yana raunana aikinsa, amma miligiram 0.4 ba ya yi masa komai, shi ya sa abin da ta amince a bai wa mai ciki kullum shi ne ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 tare da folik asid 0.4. Macen da likita ya ɗora a kan babban adadi saboda wani dalili, ya kamata ma'aikaciyar awo ta san haka kafin ta miƙa mata SP.

Ga 'yan mata da matan aure da ba su da ciki, a wuraren da ƙarancin jini ya yi yawa, hukumar ta ba da wata hanyar: ƙwaya ɗaya a mako mai ƙarfe miligiram 60 da folik asid miligiram 2.8, wato na kwana bakwai a haɗe. An tsara ta ne don ƙarancin jini, amma tana ɗaga folet a jinin mace tun kafin ta yi ɓatan wata, a makaranta ko a gida, ba tare da ta faɗa wa kowa cewa tana sa ran ciki ba.